Wanda Ya Ƙaura, Kada Ya Yar da Lambar Harajinsa

A zamanin En'e, matafiyi ba ya barin gari sai da takardar harajinsa a aljihu, don ya san ana iya tare shi a hanya a ce ya nuna. Yau takardar ta koma lamba, watau lambar shaidar mai biyan haraji da ake ce wa TIN, amma matafiyan yanzu sun fi na dā sakaci da ita. Likitoci da ma'aikatan jinya da malaman makaranta suna ta ƙaura zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Mutum zai sayar da mota, ya sallami mai gida, ya bi dangi gida gida yana ban kwana, amma ofishin haraji ko leƙawa ba zai yi ba. Wannan sakaci yana jawo hasara iri biyu: kuɗin da ya kamata a mayar masa ya bar su, bashin da bai san da shi ba kuma yana nan yana jiransa.

Tun ran 1 ga watan Janairu 2026 sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ran 26 ga watan Yuni 2025 suka fara aiki. A ƙarƙashinsu lambar ɗan ƙasa, NIN, ita ce tushen lambar harajin mutum. Ashe ke nan ba abu ba ne da ke mutuwa don mai shi ya hau jirgi. Sai dai fa a nan ne wasu suke ruɗewa. Suna tsammani tun da lambar tana raye, duk rangwamen da doka ta tanada yana biye da su duk inda suka sauka. Ba haka ba ne. Lamba suna ce kawai a littafin hukuma. Rangwame kuwa ana cire shi ne daga kuɗin shigar da Nijeriya take aza wa haraji, kuma sai wanda ya cika takardar bayanin abin da ya samu a shekara, ya kawo shaida, yake da bakin nemansa.

Abubuwan da doka ta yarda a cire sanannu ne: abin da aka zuba a asusun fansho, da na asusun gidaje na ƙasa, da na inshorar lafiya, da inshorar rai, da ruwan bashin gidan da mutum yake zaune a ciki. Akwai kuma sabon rangwamen haya, kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, amma ba ya wuce Naira 500,000. Wanda yake karɓar albashi a Landan ba zai ɗauki rasiɗin hayar Kaduna ya kai wa hukumar harajin Ingila ba, don ba ta san da wannan zance ba.

Inda lambar take da amfani ƙwarai shi ne shekarar da aka tashi. Harajin albashi wata wata ake yankarsa, bisa zaton ma'aikaci zai cika wata 12 yana aiki. A ɗauki mai albashin Naira 200,000 a wata, a ajiye batun fansho gefe don lissafi ya yi sauƙi. A shekara zai sami Naira miliyan 2.4. Naira 800,000 na farko ba haraji a kansu, sauran kuwa kashi 15 cikin 100 ne, watau Naira 240,000 a shekara, ko 20,000 kowane wata. To, in ya ajiye aiki a ƙarshen Afrilu, abin da ya samu duka 800,000 ne, an kuwa riga an yanke masa 80,000. Muddin ba shi da wani samu da za a lissafa masa a wannan shekara, kuɗin nan nasa ne. Ba wanda zai bi shi da su filin jirgin sama. Sai ya rubuta wa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da ya zauna, ko ta Abuja in a can yake, da lambarsa da takardun albashinsa, kafin 31 ga watan Maris na shekara mai bi. Galibi jihohi ne ke karɓar harajin mutum ɗaya ɗaya, abin da mutane da dama ba su sani ba, har su ɓata lokaci a ofishin Tarayya.

Hasara ta biyu ta fi wannan nauyi. A idon doka, barin ƙasa da jiki bai isa ya fitar da mutum daga sahun mazauna ba. Ana duba ko ya yi kwana 183 a Nijeriya cikin wata 12, ana kuma duba ko yana da gida na dindindin da aka ajiye dominsa, da ko iyalinsa da harkokin arzikinsa suna nan. Mazauni ana lissafa masa abin da ya samu ko'ina a duniya. Wanda ba mazauni ba kuwa, abin da ya fito daga Nijeriya kaɗai ake taɓawa, kamar hayar gida ko ribar hannun jari. A duba likitan da yake aiki a Jidda, inda ba a yankar haraji daga albashi, alhali matarsa da 'ya'yansa suna cikin gidansa a Kano. Irin wannan bawan Allah lalle ne ya nemi a fayyace masa matsayinsa a rubuce tun da wuri, kada ya bari sai ranar da zai sayi fili a ce ya kawo takardar shaidar biyan haraji.

Wanda ya tafi Ingila ko Kanada ko Faransa yana da ɗan sauƙi, saboda akwai yarjejeniya tsakaninsu da Nijeriya ta hana karɓar haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Ta Ingila tun 1987 aka ƙulla ta. Da Amurka babu irin wannan yarjejeniya. Amma ko inda take, ba ta aiki da kanta. In ana so a rage wa mutum a can abin da ya biya a nan kan hayar gidansa, sai ya nuna rasiɗi, rasiɗin kuma da lambarsa ake fitar da shi. Shi ya sa barin ɗan'uwa ya riƙa karɓar haya da sunansa, don gudun wahala, dabara ce mai cin mai ita.

Hukumomin jihohi su ma akwai abin da ya rataya a wuyansu. A Ingila mai barin ƙasa takarda ɗaya yake cikawa, ana ce mata P85: ya faɗi ranar tashinsa da inda za shi, hukuma ta yi lissafi, in akwai rara ta mayar masa. Ba abin da zai hana Kano da Kaduna da Legas su yi irin wannan ta intanet, a rubuta ta da Turanci da Hausa, a kuma sa wa'adin biya wanda za a cika. Hukumar da take da saurin yanka amma take jan ƙafa wajen mayarwa, ita take koya wa mutane su tafi shiru. Kafin a kai ga haka, mai shirin tafiya ya sa ziyarar ofishin haraji cikin jerin ban kwanansa, ya karɓi takardar abin da aka yanke masa daga wurin aiki, ya tabbata suna da ranar haihuwa da ke kan lambarsa sun yi daidai da na fasfo ɗinsa.