Mudun Da Ke Faɗin Aibinsa Da Bakinsa

 Yau maganar kwamfuta zan yi, kuma ina roƙon iyayenmu 'yan kasuwa kada su tsallake, domin ƙarshenta maganar mudu ce da amana.

Akwai gardamar da muke yawan yi da samarinmu masu koyon rubuta manhaja a nan Legas. Da yawansu sun fi yarda da manhajar kamfani, ko da kuwa ta sata ce aka kwafo musu a Ikeja, a kan manhajar da aka buɗe asalin rubutunta kowa ya gani ya gyara. Hujjarsu ita ce araha ba ta ado. Ni kuwa ra'ayina shi ne, a cikin kayan aikin da ake auna wasu abubuwa da su, wanda ake iya buɗewa a leƙa cikinsa ya fi cancantar a dogara da shi. Zan kafa hujja da labarin wani gyara guda ɗaya.

Duk mai rubuta manhaja sai ya yi kuskure, shi ya sa aka ƙirƙiro manhajar farautar kuskure. Daga cikin irinta da suka fi shahara akwai GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a Amurka a shekarar 1986, ƙarƙashin shirin GNU. Kyauta ce, kuma lasisinta ya ba kowa damar karanta rubutunta, ya gyara, ya raba wa wasu.

Babban makaminta shi ne abin da zan kira shinge. Mai karatu ya ɗauka motar wake ce ta taso daga Kano, kullum in ta iso Legas sai a tarar buhu biyu sun yi ƙafa. Mai kaya sai ya sa a tsayar da ita a Jebba a ƙirga, a sake tsayar da ita a Ogbomosho a ƙirga. In lissafi ya cika a Jebba amma ya gaza a Ogbomosho, to ya san tsakanin inda zai nemi ɓarawonsa. Haka mai manhaja ke yi: ya ce wa GDB, in aiki ya iso layi kaza ki tsayar da shi in duba abin da ke ciki.

Yadda take tsayarwar ma abin sha'awa ne. A kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel ko AMD, GDB tana zuwa daidai wurin da aka nuna mata a cikin ma'adanar kwamfuta, ta cire harafin farko na umarnin da ke wurin ta adana, ta maye gurbinsa da lamba 204, wadda a lissafin masana ake rubuta ta CC. Da zarar ƙwaƙwalwar ta taka wannan lamba sai ta dakata, babbar manhajar Linux ta sanar da GDB. In mutum ya gama dubawa ya ce a ci gaba, sai ta mayar da harafin asali, ta bar aiki ya yi taku ɗaya, sannan ta sake dasa shingenta. Abin lura a nan shi ne, dole ta san ainihin wurin da za ta dasa.

To a nan matsala ta ɓullo. A shekarar 2001 aka fitar da GCC 3.0, wato manhajar da ke fassara rubutun ɗan Adam zuwa yaren na'ura. A yaren C++ akwai wani sashe na rubutu da aikinsa shi ne gina sabon abu a duk lokacin da aka buƙata, mu kira shi magini, da kuma takwaransa mai rushewa. Sabuwar GCC in ta zo fassara waɗannan sai ta fitar da kwafi biyu ko uku na kowanne, kowane kwafi da lokacin da ake amfani da shi. Mutum layi ɗaya yake gani a rubutunsa, amma a cikin na'ura hanya ta rabu. Ita kuwa GDB an gina ta ne bisa tunanin shinge ɗaya, wuri ɗaya. Sai ta dasa a kwafi guda ta ce ta dasa, aiki kuma ya bi ta ɗaya kwafin ya wuce abinsa. An kafa shinge a tsohuwar hanya, mota ta bi sabuwa.

Don Allah mai karatu ya dubi girman wannan. Mutum ya sa shinge, aiki bai tsaya ba. Me zai fahimta? Zai ce ashe aikin ba ya biyowa ta nan, ya tafi neman kuskure inda babu shi, ya ƙone yini guda ko biyu. Manhajar da ta mutu gaba ɗaya ta fi wannan sauƙi, domin kowa ya ga gawa ya san an yi mutuwa. Mu 'ya'yan masu awo mun san haka. Mahaifina da derika yake auna wake, kuma tun ina ƙarami na san cewa derikar da ta fashe ba ta cutar kowa, yar da ita ake yi. Wadda aka bubbuga wa gindi ta shige ciki, ita ce ke cin haƙƙin mutane shekara da shekaru ana yi mata kallon lafiyayya.

Abin da ya sa nake girmama masu kula da GDB shi ne abin da suka yi kafin su samu magani. A cikin kunshin manhajar da suke rabawa akwai wata takarda mai suna PROBLEMS, wato matsaloli. A ciki suka rubuta wannan aibi ƙarara, da dalilinsa, suka ce ba za a iya dogara da shinge a cikin magini ko marushi ba. Wanda ya karanta ya san in shingensa bai kama ba kada ya zargi kansa, kuma yana iya nemo lambar wurin kowane kwafi ya dasa da hannu. Wannan shi ne ɗan kasuwan da zai ce maka, Alhaji, buhun nan akwai ƙwari a gindinsa, in za ka saya ka saya da saninka.

Maganin ya zo a GDB 6.8, cikin watan Maris na 2008. Aka sauya tunanin daga tushe: shinge ɗaya yana iya samun wurare da yawa. In ka nemi jerin shingayenka sai ka ga na 1, a ƙarƙashinsa 1.1 da 1.2, kowanne da wurinsa, kana iya kashe ɗaya ka bar ɗaya. Gyaran ya kuma warkar da irin wannan ciwo a wasu wuraren da mai fassara ke kwafe rubutu ɗaya ya baza shi wurare daban-daban. Har yau haka GDB ke aiki.

Na san abin da abokan gardamata za su ce: daga 2001 zuwa 2008 kusan shekara bakwai ke nan, wace irin amana ce wannan? Gaskiya ne an daɗe, ban kuma ce jinkirin abin yabo ba ne. Wanda ya yi asarar kwanakinsa a tsakanin nan ba wanda zai biya shi. Sai dai a duba abu biyu. Na farko, tunanin shinge ɗaya wuri ɗaya ya ratsa sassa da yawa na manhajar, sauya shi kamar sauya harsashin gida ne alhali mutane na kwance a ciki. Na biyu, ni da ke zaune a Agege na san wannan tarihi ne kawai saboda a fili aka yi shi. Manhajar da aka kulle, in tana da irin wannan aibi, sai abin da mai ita ya ga damar faɗa maka. In kuwa ta sata ce a hannunka, ko bakin kai ƙara ba ka da shi.

Saboda haka ga kirana ga 'yan'uwana samari. Idan kana aiki da GDB ko wata manhaja irinta, ka ga shinge ya ƙi kamawa ko ya kama inda ba ka sa shi ba, kada ka tsaya a tsaki. Ka rage rubutunka har ya koma layi goma ko sha biyar da ke nuna matsalar. Ka rubuta lambar GDB ɗinka da ta GCC, da abin da ka yi tsammani, da abin da ka gani. Ka duba a rumbun ƙorafinsu da ke Sourceware ko wani ya riga ka, in babu ka shigar. Ba a tambayar digiri a wurin. Ni sakandare na tsaya, kuma Turancin da ake buƙata bai wuce na rubuta rasit ba. Rahoto mai tsabta shi ne rabin gyara, domin mai gyara ba ya iya kama abin da bai iya maimaitawa a kwamfutarsa ba.

Ga iyayenmu kuma, in kun ga yaro ya duƙufa kan irin wannan aiki da ba a biyansa ko kwabo, kada ku yi saurin cewa zaman banza yake. Mudun da dubban mutane ke awo da shi yake daidaitawa, kuma yana koyon sana'ar a hannun waɗanda suka fi shi. Mu da muke zaune a garin wasu, mun san cewa jarinmu na farko shi ne a ce awon Bahaushe cikakke ne. Ina so a san mu da haka a wannan sabuwar kasuwa ma.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, ƙofa a buɗe take. Allah Ya ba mu sa'a, Ya bar zumunci. Sai mun sake haɗuwa.