Sarar 'Yan Wasa: A Hana Ko A Gyara?

Ya ku ɗalibai, malamai da iyaye, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, kuma ya kamata mu dube ta da idon basira. Maganar kuwa ita ce ta irin kalmomin nan da 'yan dara, da 'yan ludo, da masu buga Whot suke jefa wa juna, su fashe da dariya, alhali wanda yake tsaye kusa da su bai gane kome ba. Hausawa suna kiran wannan sara. Waɗansu daga cikinmu suna ganin shiririta ce, waɗansu ma suna zargin habaici ake yi wa manya, don haka a hana. Mu dai ra'ayinmu shi ne kada a hana, amma lalle a gyara.

Bari mu fara da dara, tun da ita ce tamu ta gado. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar Ɗanbatta da rani, bayan an gama kai amfanin gona gida, zai ga dattawa da samari a gindin bishiya sun haƙa ramuka talatin a ƙasa, layi biyar masu gida shida shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Amma rabin daɗin dara ba a ramukan yake ba, a baki yake: kirari, da ba'a, da cika baki, da surutun 'yan kallo. Daga irin wannan zama ne muka sami maganar nan da kowa yake faɗa yau, watau "dara ta ci gida". Wanda bai taɓa zama gaban dara ba ma ya san ma'anarta. Ashe abin da ya fara a matsayin zancen 'yan wasa yana iya zama dukiyar harshe gaba ɗaya.

Wasannin da suka zo mana daga waje su ma haka suke. Ludo asalinsa wani tsohon wasa ne na ƙasar Indiya, aka yi masa rajista a Ingila a shekarar 1896. Katin Whot kuwa a Ingila aka ƙago shi a 1935, amma ya sami gida a Nijeriya. Kalmominsa, irin su "janar maket" da "las kad", sun fita daga kan tabarma sun shiga zancen yau da kullum. In an hukunta aji gaba ɗaya saboda laifin mutum guda, sai ka ji wani ya ce an yi musu janar maket, domin a wasan wannan kati ne yake sa kowa ya ɗauki ƙari.

A Amurka akwai wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. 'Yan wasan sukan zauna kewaye da tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi a cikin labarin. In jarumi zai yi wani abu mai wuya, sai a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin. Wanda ya sami ashirin ya yi babbar sa'a, wanda ya sami ɗaya ya sha kunya. Saboda haka in ɗayansu ya yi tuntuɓe a hanya, sai abokansa su ce ya jefa ɗaya. Suna kuma da wani labari da ya bazu a tsakaninsu, na wani ɗan wasa da aka ce masa ga wata rumfar shan iska a cikin lambu. Da yake bai san kalmar da aka kira rumfar da ita ba, sai ya ɗauka dodo ne, ya ɗana kibiya ya harbe ta. Har yau ambaton wannan rumfa kaɗai yana sa su dariya.

Kada mu ɗauka shiga rigar wani a cikin wasa baƙon abu ne a wurinmu. A bikin kalankuwa, bayan kaka, samarin ƙauye sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, su yi mulki da shari'a ta wasa. A watan azumi kuma yara suna tashe, wannan ya zama Jatau Mai Magani, wancan ya zama tsoho mai gemun auduga. Sau da yawa sarautar wasa takan bi mutum har tsufansa, ka ji ana kiran dattijo Alƙali alhali bai taɓa shiga kotu ba.

To, yaya sara take samuwa? A ce wata rana ana dara, wani ya ga za a cinye shi, sai ya ce bari ya je ya sha ruwa, bai kuwa dawo ba. Daga ranar, duk wanda ya nemi zamewa daga aiki, sai a ce zai sha ruwa. Kalma biyu ke nan, amma a cikinsu akwai labari, da ranar da abin ya faru, da waɗanda suke wurin. Shi ya sa tsofaffin ɗalibai in sun haɗu bayan shekara ashirin, kalma ɗaya takan mayar da su ɗakin kwanansu na dā.

Dalilinmu na farko na cewa kada a hana shi ne wannan zumunci. Makaranta irin tamu tana tara yara daga gidaje da harsuna da addinai dabam dabam. Yaran da suka yi dariya tare a kan abu ɗaya, da wuya wani ya zuga su su ɗauki sanda a kan juna. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka bar mana wasan Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari, da na taubasai, da na kaka da jika. Hukumar UNESCO ma ta sa wasan barkwanci na ƙasar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Dalili na biyu shi ne harshe. Yaron da ya iya sarrafa kalma har ta ba da ma'ana biyu ya fara koyon abin da muke wahalar koyarwa a darasin adabi. Na uku, a wannan zamani da kowa yake sunkuye a kan wayarsa, har ludo ma da na'ura ake bugawa, ya kamata mu yi murna in mun ga yara huɗu a kan tabarma ɗaya suna magana da juna. Bugu da ƙari, dokar hana sara ba za ta yi aiki ba. In aka hana ta a fili, sai ta koma zaurance.

Amma fa masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar, kuma tilas mu saurare su. Kalmar da take haɗa mutum biyar ita ce take ware na shida. Ku tuna labarin da yake cikin Littafin Mahukunta sura 12, inda mutanen Gileyad suka tsare mashigin Urdun, suna sa kowa ya faɗi "Shibolet". Mutanen Ifraimu ba su iya furta ta daidai ba, aka gane su da harshensu, mutum 42,000 suka hallaka. Ba mu ce abin da yake faruwa a ɗakin kwana ya kai haka ba, amma tushen ɗaya ne: a mai da kalma ta zama ƙofa a rufe wa wani. Ɗan aji ɗaya da ya baro iyayensa karo na farko, ya zo ya tsaya kusa da 'yan wasa, suka faɗi wata kalma suka dube shi suka yi dariya, wannan yaro ba zai yi barci da daɗi ba. Mafi muni shi ne laƙabin da aka ɗora a kan in'ina, ko gurguntaka, ko talaucin gida, ko yadda wani yake karya Hausa. Yaro yakan yi murmushi a gaban mutane don kada a ce ba ya son wasa, amma daga nan sai ya daina ɗaga hannu a aji. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Saboda haka ga shawararmu. Na ɗaya, duk sarar da ba za ku iya bayyana wa baƙo ma'anarta ba tare da jin kunya ba, ku yar da ita. In sabon ɗalibi ya tambaya, ku ba shi labarin, ku matsa masa wuri a tabarma. Na biyu, a yi dariya a kan abin da mutum ya yi a cikin wasa, kada a yi a kan halittarsa, ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko iyayensa. Ku lura, a wasan taubasai kowa yana da ikon ramawa. In ɗaya ne kullum yake sha, ba ya kuwa iya mayarwa, to, ya tashi daga wasa ya zama cin zali. Na uku, in mai laƙabi ya ce ba ya so, maganar ta ƙare. Na huɗu, kada kuɗi ya shiga, ko da na sayen ƙosai ne, domin da zarar an sa kuɗi wasa ya koma caca, ba'a kuma ta koma faɗa.

Firifet-firifet da manyan ɗalibai, nauyin nan a kanku ya fi yawa, gama ƙanana bakinku suke kallo. Mu malamai kuma, maimakon mu kwashe katin mu kulle a ofis, mu riƙa zuwa muna tsayawa a bakin wasan jefi-jefi. A nan za mu ji wanda ake yi da shi, da wanda ya yi shiru. Iyaye ma in yara sun zo hutu da sababbin kalmomi, ku tambaye su ma'ana kafin ku yi faɗa.

Ga masu fita a bana, ku tafi da sararku, za ta yi muku amfani ranar da kuka haɗu a tasha ko a kasuwa. Amma in akwai wanda kuka ɗora wa sunan da yake ƙona masa rai, ku neme shi ku ba shi haƙuri tun ba ku rabu ba. Allah ya ba mu bakin da zai haɗa, ya raba mu da mai rabawa. Amin.