A Ajiye Kwalba, A Ɗauko Ƙwarya

'Yan'uwa manoma da masu kiwo, a ƙasar Katsina doki ba ƙaramin abu ba ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya rasu a 1981, sunan Katsina ya tafi nesa wajen hawa da wasan folo. Idan Sallah ta zo, Yandaka Hakimin Dutsin-Ma da Maradi Hakimin Kurfi suna cikin masu kai gaisuwa birni da dawakinsu. A ƙauye kuwa, mai doki ɗaya ya san irin dawa da harawar da ya zuba kafin dokin nan ya yi kyaun gani. To, abin da ya ke damuna shi ne, dabbar da aka sha wahalarta shekara da shekaru, a kan iya lalata ta cikin minti biyar ranar da za a ba ta garin magani.

Kowa ya san yadda a ke yi. Doki ya sansana dusa, ya ji warin magani, ya hura hanci ya kau da kai. Sai a ce ai taurin kai ne. A dama garin a kwalbar lemo, a jefa igiya bisa reshe a ja kansa sama, wani ya kama harshe, wani ya kwarara. Waɗansu ma ta hanci su ke zubawa. Ni dai ra'ayina a bar wannan al'ada ɗungum, ga kuma dalili.

A maƙogwaron doki hanya biyu ce, ta abinci da ta iska, suna kusa da juna. Sa'ad da ya ke haɗiya, hanyar iska ta kan rufe da kanta. Amma in an ɗaga kansa sama ƙwarai, an kuma riƙe harshensa, ba ya iya haɗiya sosai. Kai ma gwada, ka ɗaga haɓarka sama ka riƙe harshenka, ka ga ko yawu zai wuce. Ruwan da aka kwarara sai ya bi hanyar iska ya sauka cikin huhu. Ba lalle a ga kome a ranar ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai tari, da zazzaɓi, da numfashi da kyar, wani lokaci da majina mai ɗoyi. Sa'an nan a ce cutar ce ta ci ƙarfinsa, ko kuwa a ce sammu ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa ma'aikatan asibiti su ke hana iyaye mata yi wa jarirai ɗura. Hatsarin iri ɗaya ne.

Wani zai ce, ai na ga likitan dabbobi da kansa yana ba doki magani ta hanci. Gaskiya ne, amma dubi abin da ke hannunsa. Doguwar roba ce ya ke zurawa ta hanci har ta kai ciki, kuma ba ya zuba kome sai ya tabbata ba huhu ta shiga ba. Aikin wanda ya koya ne. Kwalba a bakin hanci wani abu ne dabam.

Dattawa kuma za su ce ɗura mun gada, da ita a ke ƙibar da doki tun kaka da kakanni. Ban musa ba, ranku ya daɗe. Amma waccan dunƙulen gari ne da kanwa, a sa masa a baki ya tauna ya haɗiye a kan lokacinsa. Wanda ya iya wannan ma ya riga ya san rabin abin da zan faɗa.

Akwai magana ɗaya ta masu kwalba da ni ke ɗauka da nauyi. Sun ce in ka zuba magani a dusa, doki ya ci rabi ya bar rabi, kuɗinka ya tafi, cuta kuwa tana nan. Haka ne, har ma abin ya fi haka muni. Rabin magani ya kan kashe tsutsotsi marasa ƙarfi ya bar masu ƙarfi su hayayyafa. A Turai da Amurka, a garkunan dawaki da yawa, maganin tsutsa da a ke kira fenbendazole ya daina kashe ƙananan tsutsotsin hanji, gama sun saba da shi. Saboda haka dole doki ya cinye maganinsa duka. Tambayar ita ce, ta yaya?

Kuskuren da a ke yi shi ne barbaɗa gari a kan busasshiyar dusa cike da kwano. Garin ya gangara ƙasa, doki ya tsince dusa da leɓensa ya bar shi, ko ya hura hanci iska ta kwashe. Maimakon haka ɗebi dusa kaɗan, kamar tafi biyu, ka yayyafa ruwa ta yi danshi. Narka mazarƙwaila ko sukari ko ɗan zuma, ka dama maganin a ciki tukuna, sa'an nan ka cuɗa da dusar har ba a ganin farin gari. Ka ba shi da safe kafin ya ga harawa, lokacin da ya ke marmarin abinci. Ka kore awaki da kaji, ka tsaya har ya lashe ƙwaryar. In ya bar saura, ƙara ɗan zaƙi ka sake miƙa masa. Sai ya gama a kawo abincinsa na kullum.

Dokin da ya cika tsantseni yana bukatar dabara tun kafin ciwo ya zo. Hancinsa ya fi namu nesa ba kusa ba, abin da bai saba da shi ba kuwa ba ya yarda da shi. In ranar magani ce kaɗai ya ke ganin dusa mai zaƙi, zai gane da wata a ƙasa. Riƙa ba shi ita haka kawai, sau ɗaya ko biyu a mako, daga hannun wanda ya saba da shi. Mazarƙwailar da za ka kashe a wata ba ta kai kuɗin allura ɗaya ba.

In duk wannan ya faskara, sai sirinji babba wanda aka cire wa allura. Dama garin ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, kada ya yi ruwa-ruwa. Tabbata ba ciyawa a bakinsa, in ba haka ba zai tofar da su tare. Tsaya a gefensa, riƙe ragama, zura sirinjin ta gefen baki, wurin nan da ba haƙori inda linzami ke zama, ka matsa kaɗan kaɗan a bisa harshe can ciki. Tallafi haɓarsa da hannu har ya haɗiye. Ba igiya, ba reshe, ba jan harshe. Kada kuma a zuba magani a ruwan shansa, gama zai iya ƙin ruwan, kai kuwa ba za ka san nawa ya shiga cikinsa ba. Kada a hana shi abinci yini guda wai don yunwa ta tilasta shi. Tumbin doki ƙarami ne, an yi shi domin ci kaɗan kaɗan dukan yini, doguwar yunwa kuwa tana jawo masa gyambon ciki.

Sai batun awo. Da nauyin dabba a ke auna magani, ba da ido ba. Ba mu da sikelin doki, amma muna da igiya da tef na tela. Auna kewayen ƙirjinsa daidai bayan ƙafafun gaba, sa'an nan tsawonsa daga kan kafaɗa ta gaba zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Kewaye sau kewaye sau tsawo, a raba da 11,880. Misali kewaye 150, tsawo 140, ya ba da wajen kilo 265. Ɗan makarantar da ke gidanka zai buga maka a waya. Wannan adadi za ka faɗa wa malamin dabbobi, shi kuma ya faɗa maka cokali nawa, kwana nawa. Maganin ciwon gaɓoɓi da a ke kira phenylbutazone, alal misali, in ya yi yawa ko aka daɗe ana bayarwa, yana cin hanji da ƙoda.

Na san tun da ɓarayin daji su ka addabi ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari da gefen Dutsin-Ma, samun malamin dabbobi ya zo har gida ya yi wuya, mutane da yawa sun koma ga mai tebur a kasuwa. To, a kula, abin da ya ke magani ga saniya ko kaza yana iya zama dafi ga doki. Monensin, wanda a ke sa wa cikin waɗansu abincin kajin gidan gona, abin da bai kai giram ɗaya ba ya isa ya kashe doki irin wanda mu ka auna ɗazu, don haka kada a kuskura a cuɗa magani da abincin kaji. Amitraz kuma, na wankan kaska ga shanu, yana tsai da hanjin doki. Doki kuwa ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Garin da aka ƙulla a leda ba suna ba kwanan wata, a bar wa mai shi.

Mu masu bi, Karin Magana sura 12 aya 10 ta sa kula da ran dabba cikin alamun adali. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin manoma na ikkilisiyoyinmu su karanta wannan a taronsu na gaba, su gayyaci maƙwabtanmu Musulmi masu barga, a gwada awon igiya a kan dabba ɗaya kowa ya gani. Wanda ba shi da doki ya kawo jakinsa, gama yawancin abin da na faɗa ya shafe shi, ban da lissafin nauyin nan, wanda na doki ne. Sai dai a lura, jaki ya fi doki ɓoye ciwo. In ya ƙi dusa mai zaƙi, ya ƙi harawa har yini ya wuce, maganar ta wuce ta ɗacin magani, a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar, ko da ta waya ne.