Shawara Ga Iyali: Haɗa Kwamfutar Tebur

Wani uba daga Kebbe ya tambaye mu inda za a haɗa wa ɗansa kwamfutar tebur, kamar yadda tela yake ɗinka riga daidai jiki.

Ɗan'uwa, sai ka yi tafiya. Akwai masu wannan aiki a Titin Beirut, Kano. Kasuwar Computer Village ta Ikeja ta fi girma, amma Legas da nisa ran da abu ya lalace. Mu dai Kano muka fi so.

Kada ka biya duka tun farko. A rubuta kowane kaya a rasit, sabo ne ko na hannu, a kunna a gabanka. Ta tebur kuwa ba ta da batir. Wuta ta ɗauke, aikin yaro ya tafi. Sa kuɗin sola cikin lissafinka.