Sharhi: A bar ɗalibi ya yanka rigar karatunsa

A shekarar 1974 jami'ar Indiyana ta ƙasar Amurka ta bai wa wani saurayi, Will Shortz, digiri a fannin da ba a taɓa jin irinsa ba, wato ilimin kacici-kacici da wasannin wasa ƙwaƙwalwa. Shi ya tsara karatun da kansa, malamai suka duba suka sa hannu. A 1993 jaridar New York Times ta damƙa masa shafinta na wasan cike kalmomi.

Jama'a masu karatu, kada ku ɗauka cewa sakaka ake yi. A jami'ar New York akwai makarantar Gallatin, wadda tushenta ya faro a 1972, kuma aikinta ke nan. Ɗalibi yakan zauna da malamin da ke yi masa jagora, ya rubuta abin da yake son sani da dalilinsa, sannan ya tsinto darussa daga sassa daban-daban na jami'a. A shekarar ƙarshe sai ya gurfana gaban malamai, su titsiye shi baki da baki a kan littattafan da ya ce ya karanta.

To, mu nan Nijar fa? Tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi ya raba lisansi zuwa kiredi 180 cikin shekara 3. Tunda karatu ya zama guntu-guntu, ana iya ɗinka shi ta wata fuska. Ku ɗauki yaron da ya samu bak yana son ya yi aikin sasanta manoma da makiyaya. Yana bukatar ya san dokar karkara ta 1993, ya san labarin ƙasa don gane burtali da mashaya, ya san kiwo da noma. Ko yarinyar Tawa mai son harkar albasar Galmi: noma kaɗai ba ya isar ta, sai da lissafin kasuwa da dokar duwan. Fannin da aka riga aka yanka kashi ɗaya kawai yake ba su, sauran sai su roro a waje.

Mun san abin da za a ce mana, kuma da gaskiyar masu faɗi. Ɗakunan karatu sun cika, malamai ba su wadata ba, ina lokacin zama da ɗalibi ɗaya-ɗaya? Malalaci kuma zai tsince darussa masu sauƙi ya kira su fanni. Babbar matsalar ita ce konkur na shiga aikin gwamnati, wanda takarda mai sanannen suna yake nema. Ɗan talaka bai iya ɓatar da shekara 3 ya fito da takardar da ba a gane ta ba.

Don haka ba mu ce a rushe kome ba. Muna kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta ba jami'o'in Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa izinin gwaji da ƴan ɗalibai kaɗan da suka ci shekarar farko. Mafi yawan kiredi su tsaya a fanni guda domin takarda ta riƙe sunanta, sauran ɗalibi ya zaɓa, kwamitin malamai ya amince a rubuce kafin ya fara.