Sharhi: Me katin sakamako ke aunawa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

A daren 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako 344 bayan kwana shida, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta rufe makarantun kwana na jihar Katsina. A watan Yunin 2024 aka kai wa ƙauyen 'Yargoje harin da mazauna suka ce ya ci rayuka aƙalla 50. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, karatun yaran yankin ya sha tsinkewa, amma hanyar auna shi tana nan yadda take.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ɗora kimanta ɗalibi a kan gwajin da malami ke yi a kai a kai cikin zango, sannan jarrabawar ƙarshe. An gina tsarin ne bisa zaton cewa yaro yana aji daga farkon zango har ƙarshensa. Yaron da iyayensa suka yi gudun hijira zuwa Funtua ko Malumfashi, ya dawo bayan wata uku, ya rasa wannan gwajin. Malami na da zaɓi biyu: ya bar gurbin fayau, ko ya cike shi da makin kintace. Ko wanne ya ɗauka, katin ba zai nuna ko yaron na iya haɗa baƙi ba. Ga kuma firgici, wanda ke raunana natsuwa da riƙe karatu, har a ɗauki yaro mai kaifin basira a matsayin daƙiƙi.

Masu bincike ma ba su tsira ba. Wanda ya zaɓi makarantun da mota ke iya kai wa lafiya kaɗai, alƙalumansa za su fi gaskiyar lamarin kyau, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake tsara kasafi.

Akwai hanyar da ba ta da tsada. Tsarin TaRL na ƙungiyar Pratham ta Indiya, wanda aka gwada a Borno, yana zaunar da yaro shi kaɗai na 'yan mintuna: harafi, kalma, gajeren sakin layi, labari. Daga nan a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekarunsu ba. Hukumar SUBEB ta Katsina na iya wajabta irin wannan gwaji da Hausa a makon farko na duk makarantar da aka sake buɗewa, ta kuma fitar da sakamakon ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, har da adadin makarantun da ba a iya kai wa ba.