Ƙwallaye 18 Na Ahmed Musa: Shin Lissafi Ya Faɗi Gaskiya?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin ɗalibanmu, tun daga 'yan Bebeji da Kiru har zuwa na Tudun Wada da Doguwa. Gardamar kuwa ita ce ko Ahmed Musa ya kai yadda ake zuzuta shi. Masu goyon bayansa lissafi ne makaminsu. A kakar wasa ta 2009/2010 ya ci wa Kano Pillars ƙwallaye 18, ya fi kowa a gasar ƙasar nan, ya kuma wuce 17 ɗin da Ishaya Jatau ya ci a 1990, alhali bai cika shekara 18 ba.

Mu dai ba mu musa wannan ba. Amma muna roƙon masu karatu su duba wani lissafin. A shekarar da Musa ya yi wannan bajinta, Enyimba ce ta ɗauki kofi. Bayan ya tafi ƙasar Holan a 2010, Sai Masu Gida suka ɗauke shi sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, da irin su Rabi'u Ali a tsakiyar fili. To, in har ƙungiya ta fi samun nasara bayan tafiyar gwarzonta, ashe ƙwallayen nan 18 ba su ne dukan labarin ba. Wani ne ya ƙwato ƙwallon daga abokan karawa, wani ya miƙa, Musa ya ƙarasa. Sunan na ƙarshen kaɗai ake rubutawa.

Haka kuma ba duk ci ne yake da nauyi ɗaya ba. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2013, Musa ya ci Mali, amma lokacin Nijeriya tana da uku da nema. Ƙwallo ɗaya tak da Sunday Mba ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ita ce ta kawo kofin gida. A takarda kuwa dukansu "ɗaya" ne. Mu malamai mun san wannan matsala, domin maki 70 a jarrabawa mai sauƙi ba daidai yake da 70 a mai wuya ba.

Sai Ingila. A 2016 Leicester City ta saye shi daga CSKA Moscow da kuɗi masu yawa, ya ci mata ƙwallaye 2 kacal a gasar Firimiya.

Duk da haka, akwai wurin da dole masu suka su yi shiru. Ƙwallaye 4 ya ci a gasar kofin duniya, kuma babu ɗan Nijeriyan da ya kai haka, har da marigayi Rashidi Yekini. A 2014 sau biyu Messi yana zura ƙwallo, sau biyu Musa yana ramawa cikin 'yan mintoci, ko da yake Ajantina ta yi nasara 3 da 2. A 2018 shi kaɗai ya ci Iceland 2 da nema, bayan Kuroshiya ta doke mu, lokacin da rashin nasara zai iya maido mu gida. Waɗannan huɗun, a ganinmu, sun fi 18 ɗin Pillars nauyi nesa ba kusa ba, kuma da su ya kamata magoya bayansa su riƙa kafa hujja.